"Bari babanka ya dawo": horon da aka jinkirta yana shiga kuwa?

Baban Sadik (Fadamar Mada)
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga iyaye da malaman da ke cikinmu, kuma don Allah a ba ni amsa ta gaskiya, ban da kara. A gidajenmu da yawa yaro kan yi laifi da hantsi, uwar ta ce masa "bari babanka ya dawo". Uban ya shigo bayan Isha'i a gajiye, ko ruwa bai sha ba a shigar masa da ƙara, a taso yaron, wani lokaci ma daga barci, a zane shi. A makaranta ma haka ne, laifin Litinin sai ranar Juma'a a asembili ake biya. To wannan horon yana shiga kuwa? Yaron yana haɗa bulalar da laifin da ya yi, ko abin da ya koya kawai shi ne dawowar baba abin tsoro ce? Ni dai ina so in yi sallama 'ya'yana su rugo su tarbe ni, ba su laɓe a bayan ƙyaure ba.

Maman Ilham
Wa alaikumus salam. Baban Sadik, kafin a ɗora mana laifi a tambaye mu dalili. Ɗa namiji in ya kai shekara tara ko goma ba ya jin maganar uwa kamar yadda yake jin ta uba. Ga tukunya a wuta, ga goyo a baya, ga wanki a jiƙe. In na ce zan bi kowane laifi a lokacinsa, ranar ba a ci abinci ba a gidan. Kalmar nan ce kaɗai ke sa ya natsu zuwa yamma.

Kakan Yara (Jahun)
Mu da haka aka rene mu, kuma ba mu lalace ba. Jiran ma ai horo ne. Yaron da ya wuni yana tunanin abin da zai same shi da dare, gobe ba zai kuma ba. Ka ƙi naka duniya ta so shi.

Malamar Aji Uku (Yelwa)
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan ina da ja. Jiran yana sa tsoro, wannan ba musu. Sai dai tsoro daban, gane laifi daban.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gwada wannan. A 1965 wasu masu bincike biyu a Amurka, Aronfreed da Reber, sun riƙa shigo da yara maza 'yan firamare ɗaya bayan ɗaya. A ajiye wa yaro kayan wasa biyu, ɗaya mai ɗaukar ido, ɗayan kuma ba wani abin sha'awa, a ce ya zaɓa. Duk wanda ya nufi mai kyawun sai a tsawata masa da baki, a ce a'a. Bambancin kawai shi ne lokacin tsawar. Wasu tun suna miƙa hannu aka kwaɓe su, kafin yatsa ya taɓa. Wasu kuwa sai da suka ɗauka suka riƙe. Daga ƙarshe aka bar kowane yaro shi kaɗai a ɗaki da abin da aka hana shi. Waɗanda aka kwaɓa tun a miƙa hannu su suka fi iya riƙe kansu. Waɗanda aka bari suka ɗauka kafin a yi magana, da suka ga ba kowa, su suka fi komawa wa abin.

Ku lura fa, tazarar da ke tsakani sakan kaɗan ce, ba daga hantsi zuwa Isha'i ba. Bayanin da aka bayar shi ne, in tsawa ta zo daidai lokacin da niyyar ke tasowa, rashin jin daɗin sai ya manne wa niyyar kanta, gobe da hannu ya fara tafiya zuciya za ta ja shi baya. In kuwa ta zo bayan an riga an ji daɗin abin, to daɗin ya riga ya yi nasa aikin. Yaron zai sake yi, sai ya gama ne gabansa zai fara faɗuwa. Shi ya sa za ku ga yaro ya kwashi madarar ƙaninsa, ya goge baki tas, ya mayar da gwangwanin daidai inda ya same shi, har murfin ya daidaita. Bai koyi bari ba, ɓoyewa ya koya.

Ɗalibi a Gubi
Malama kin tuna min da wani gwajin na 1968 da Richard Solomon da abokan aikinsa suka yi da karnuka. An ajiye musu kwano biyu, ɗaya nama, ɗaya busasshen abincin da ba su cika so ba. Wanda ya je ga naman sai a buge shi da naɗaɗɗiyar jarida, wasu nan take, wasu bayan sakan 5, wasu bayan sakan 15 da fara ci. Da aka bar su da yunwa ba kowa a ɗakin, 'yan sakan 15 ɗin ba su jima ba suka afka wa naman. Waɗanda aka buga nan take kuwa kwanaki suka yi ba su taɓa shi ba.

Kakan Yara (Jahun)
Kai yaro, jikokina kake haɗawa da karnukan Turawa?

Ɗalibi a Gubi
Allah ya huci zuciyarka Baba, wallahi ba nufina ke nan ba. Ina nuna ƙanƙantar tazarar da ke sauya sakamako ne kawai.

Malamar Aji Uku (Yelwa)
A gaskiya ƙorafin Baba yana kan hanya, kuma binciken ma ya tabbatar da shi. Dabba ba ta da magana, ba yadda za ka yi ka ce mata "abin da kika yi ɗazu ne ya jawo wannan". Yaro yana da ita. A ƙarshen shekarun 1960 Ross Parke da wasu sun maimaita irin gwajin kayan wasan, amma suka ƙara abu ɗaya: a gaya wa yaron dalilin hanin. Da aka ƙara dalili, sai bambancin da ke tsakanin tsawar wuri da ta baya ya ragu ƙwarai. Wato magana tana iya cike giɓin lokaci. Amma sai yaron ya kai hankalin da zai riƙe zaren. Ɗan shekara uku da ya zubar da manja da safe, ka zo masa da zancen da dare, ba ya ma tare da kai, yana can wata duniyar. Ɗan shekara goma sha biyu kuwa za ka iya zaunar da shi bayan Magariba ka ce, ɗazu ka yi kaza, ga abin da ya jawo, ga abin da za ka yi ka gyara, kuma ya fahimta sarai.

Maman Ilham
To Malama in na fahimce ki, yanzu da yaro ya yi laifi nan take zan kai masa hannu ke nan? Ai lokacin ne raina ya fi ɓaci. Wallahi in na daki yaro a wannan lokacin sai na ji masa ciwo. Shi ya sa ma wani lokaci nake turawa ga babansu, don in tsare shi daga fushina.

Malamin Islamiyya (Kobi)
Hajiya, wannan da kika faɗa shi ne ƙashin bayan maganar, kuma ina ganin a nan ne mutane ke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Gyara daban, uƙuba daban. Mu duba yadda Manzon Allah (SAW) ya yi da yara.

Umar ɗan Abu Salama agolansa ne, a gidansa ya tashi. Ya ce yana yaro hannunsa na yawo a cikin akushi, sai Annabi ya ce masa: ya kai yaro, ka ambaci sunan Allah, ka ci da damanka, ka ci daga abin da ke gabanka. Ya ce tun daga ranar haka cin abincinsa ya kasance. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito. Ku duba lokacin: ana kan cin abincin, hannun na cikin akushin. Ba a jira an tashi ba, ba a tara masa ba. Haka ranar da Hasan ya ɗauki dabinon sadaka ya sa a baki, nan take kakansa ya sa shi ya fitar, kuma ya haɗa da dalili, cewa su ba sa cin sadaka. Ga gaggawa, ga bayani, ba duka.

Amma da balaraben ƙauyen nan ya yi fitsari a masallaci sahabbai suka taso masa, cewa ya yi su ƙyale shi ya gama. Aka zuba guga na ruwa a wurin, sannan ya kira shi ya gaya masa abin da aka gina masallaci dominsa. A nan jinkiri ne ya fi, domin waɗanda suka taso a fusace suke. Kuma akwai hadisin da ya hana alƙali yanke hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi. In an hana alƙali, ina ga uba ko uwa a kan ɗansu?

Saboda haka abin da na fahimta, "bari" da "a'a" da "ga yadda ake yi" su ne ba sa jiran kowa. Hukunci shi ne ke jiran zuciya ta sauka. Mu kuwa mun juya abin. Lokacin da ya kamata a yi magana sai mu yi shiru ko mu yi barazana, lokacin da yaron ya manta sai mu ɗauko bulala.

Baban Sadik (Fadamar Mada)
Allah ya saka da alheri Malam. To hadisin a umarce su da salla suna da shekara bakwai, a doke su a kanta suna da goma fa? Da shi mutane ke kafa hujja.

Malamin Islamiyya (Kobi)
Yana nan, Abu Dawud ya ruwaito shi, ba mai musunsa. Amma a lissafa: daga bakwai zuwa goma shekara uku ce cur ta umarni da tunatarwa, sau biyar kullum, kafin a zo maganar duka. Wanne ne a cikinmu ke yi wa yaro haƙurin wata uku ma? Kuma malamanmu na Malikiyya sun sa iyaka. Ibn Sahnun na Ƙairawan, da ya yi rubutu kan ladubban malaman yara, ya hana malami dukan yaro don huce haushinsa, ya kuma taƙaita yawan bulalar. Nana A'isha ta ce Annabi bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Anas ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce ko "tir" bai taɓa ce masa ba.

Maman Ilham
Na ji, kuma na karɓa. Amma iyaye maza ku ma ga naku. In na hana yaro fita ƙwallo yau saboda ya daki ƙanwarsa, kada ka shigo ya yi maka 'yar murya ka ce "ƙyale shi ya je". Ranar da ka yi haka ka kashe maganata, gobe dole in koma ga "bari babanka ya dawo". Ku tsaya a bayan hukuncinmu, ba sai kun ɗauki bulala ba.

Baban Sadik (Fadamar Mada)
Wannan gaskiya ce Hajiya.

Malamar Aji Uku (Yelwa)
Bari in jawo mu aji, domin can ne abin ya fi ci min rai. Duk abin da muka faɗa a sama kan rashin ji ne, yaro ya san abu haramun ne ya yi. Amma rabin bulalar da ake yi a makarantunmu ba ta rashin ji ba ce, ta rashin sani ce.

Ga misali. Ka ba yaro 52 a cire 38. Ya rubuta 26. Malami ya ja jan biro, ya tara littattafai a kan tebur, sai ƙarshen mako a raba, kowane kuskure bulala ɗaya. To me yaron ya yi? Duba da kyau. Ya ga 2 da 8, ya san ba a cire babba daga ƙarami, sai ya juya ya cire 2 daga 8 ya samu 6. Ya cire 3 daga 5 ya samu 2. Ga 26. Ba wasa ya yi ba, tunani ya yi, aro ne kawai bai iya ba. Abin da yake buƙata shi ne wani ya tsaya a kansa a wannan lokacin, fensir na hannunsa, ya nuna masa yadda ake aro goma daga gidan 5 har a samu 14. In aka bar shi mako guda yana maimaita hanyarsa, ta zauna masa daram. Bulalar Juma'a ba ta ɗauke da bayanin aro. Abin da za ta koya masa shi ne ya kwafi na maƙwabcinsa, ko ya ce littafin ya ɓace, ko ranar lissafi ciki ya yi ciwo.

Na san ajinmu cike yake maƙil, ba mai iya tsayawa kan kowane yaro. Abin da nake yi shi ne in ba da tambaya biyu ko uku kacal, in zaga layi-layi ina leƙawa. Da na ga kuskure iri ɗaya a wurin yara da yawa sai in tsayar da kowa mu koma allo. Ya fi min in ba da ashirin in kwashe littattafai zuwa gida.

Alaramma (Bakin Kura)
Malama kin zo gidanmu. Mu a tsangaya ba a tara kuskure. Yaro na biya allonsa, da ya yi ɓata a wasali ɗaya malam zai ɗaga murya ya gyara, ko yana can yana sauraron wasu. Ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Shi ya sa hadda ke kamawa. Amma kada a cire dorina daga lissafi. Ganinta a gefen buzu yana hana gyangyaɗi da wasa.

Malamar Aji Uku (Yelwa)
Allah ya gafarta Malam, wannan gyaran na nan take shi ne abin da mu 'yan boko ya kamata mu zo mu koya a wurinku. Amma ina ganin shi ne ke yin aikin, tare da maimaici safe da yamma da dare, ba dorinar ba. Akwai yaran da ke karanta allonsu tas a gaban 'yan'uwansu, da sun durƙusa gaban malam sai harshe ya sarƙe.

Alaramma (Bakin Kura)
Akwai su, ban musa ba. Irin waɗannan ba a matsa musu, gardi ake haɗa su da shi ya riƙa karɓar karatunsu har su saba. Amma akwai kuma wanda in bai ga ido ba ba zai zauna ba. Yara ba ɗaya ba ne.

Anti Nas (Wunti)
Abin da Malama ta ce na sarƙewar harshe yana da tushe a jiki. In tsoro ya kama mutum, jiki na sakin sinadaran tashin hankali, zuciya ta yi ta bugawa, hankali ya koma kan yadda za a tsira. A wannan hali tuno abin da aka haddace kan yi wuya, ko ga babba. Kuma ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa, mai kula da haƙuri da hangen abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai mutum ya wuce shekara ashirin. Don haka in ƙaramin yaro ya kasa haɗa safiya da dare, ba taurin kai ba ne.

Kan dukan kansa kuma, a 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken da aka yi cikin shekara 50 a kan yara fiye da 160,000. Ba su ga duka na gyara hali ba, sai ma suka ga yana tafiya tare da ƙarin faɗa da taurin kai da lalacewar shaƙuwa tsakanin yaro da iyaye. A nan gida kuma, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF ya nuna yara shida cikin goma na fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Mu da ke aiki a asibiti muna ganin ƙarshen abin: kunnen da mari ya taɓa, idon da bakin bulala ya samu. Kusan kullum in ka tambaya za a ce "raina ne ya ɓaci".

Kakan Yara (Jahun)
'Yata, ban ce a nakasa yaro ba, Allah ya kiyaye. Mu a zamaninmu kowa a unguwa uba ne. Ka yi ashar a ƙofar gidan wani, mai gidan zai kwaɓe ka a wurin, ba sai labari ya kai gida ba. Yanzu ka tsawata wa ɗan wani, uwarsa ta fito da mayafi a hannu. Shi ya sa komai ya koma jiran uba.

Malamin Islamiyya (Kobi)
Baba ai ka ga kai ma ka dawo kan maganar. Abin da ya gyara ku shi ne idon da ke kanku a lokacin, ba jiran dare ba.

Yayar Marayu (Gwallameji)
Ni dai ina da wani ƙorafi, ku yi haƙuri in na karkata. Kuna ta maganar a yi a kan lokaci. To bulalar makara a bakin get ai nan take ake yinta, amma wa take gyarawa? Yarinyar da nake riƙo ta sha ta ba adadi a wata makaranta. Ita ce ke bin layin ruwa da asuba, lokacin zafi kuwa rijiyoyi sun ƙafe, sai rana ta fito ba ta samu ba. Ba wanda ya taɓa tambayarta me ya sa. Daga baya na gano in ta ga an rufe get sai ta wuce wani kango ita da wasu yara, su zauna har a tashi. Bulala ta zo a kan lokaci, amma karatun ranar gaba ɗaya ya tafi. Wanda ya kamata a kira ni ce, ba ita ba.

Mataimakin Hedimasta
Yaya, wannan ba a makaranta ɗaya ba ne. Yaro ya fi son ya rasa darasi shida da ya sha bulala shida, kowa ya sani. A wurinmu mun koma rubuta sunan mai makara a bar shi ya shiga aji, in ta maimaitu a aika wa iyaye. Abin da har yanzu muke ja a kai a ofis shi ne hukuncin asembili. Wasu malamai na cewa a gaban jama'a ne sauran ke ɗaukar darasi. Malama, in an daina tarawa zuwa Juma'a, me za a sa a madadinsa? Ina so in je taron malamai da abu a hannu.

Malamar Aji Uku (Yelwa)
Ranka ya daɗe, a gama da laifi a ranarsa, kuma malamin da ya gani shi zai yi magana, ba a miƙa wa wanda bai san farkon zancen ba. Hukuncin ya yi kama da laifin: wanda ya watsa shara ya share kafin ya tafi, wanda ya yaga littafin wani ya liƙe shi ya ba da haƙuri, mai surutu a sauya masa wurin zama a wannan darasin. In babban laifi ne kamar sata ko faɗa da rauni, a raba su nan take, a gaya wa yaron ƙarara cewa za a zauna da shi bayan tara, kuma a zauna ɗin, a ofis, a ji ta bakinsa. A daina kuma ba monita takardar masu surutu ya riƙe har washegari, domin rabin sunayen na abokan faɗansa ne.

Yayar Marayu (Gwallameji)
Malam, in za ku yi taron, don Allah a sa maganar ruwa a ciki. Daga Maris zuwa saukar damina ko minti ashirin aka ƙara kafin a rufe get, yara mata da yawa za su samu darasin farko.